Ƙofa Ba Ta Girma

A layinmu, in ka ga yaro hannun rigarsa ya rufe masa yatsu, ƙafar wandonsa an naɗe ta sau biyu, ba sai ka tambayi wanda ya ɗinka ba. Aikin Inna Tela ne. Tun tana budurwa take kan keken ɗinki, yanzu har jikokinta sun fi ta tsayi, amma ba ta taɓa yanka yadi daidai jikin mutum ba. Sai ta auna ka tsaf, ta ja layi da alli, sannan ta ɗora yatsunta huɗu ta sake jan wani layin a gefe. Layi na biyun nan almakashi yake bi. In ka yi ƙorafi ta ce, "Za ka girma a ciki." Ni da nake maƙwabcinta na tsallaken titi, ta faɗa mini haka ina da furfura a gemu, na yi ta dariya. Ga shi yau rigar ta yi mini cif, har maɓallin tsakiya yana neman agaji.

Allah bai ba Inna tsayi ba, sai ya biya ta da taurin kai. Ɗakin ɗinkinta shi ne na gaba, tagarsa tana kallon titi. Tef a wuya, alli a bayan kunne, allurai a jere a gaban riga kamar lambobin yabo. Labule take ɗinkawa, da kayan makaranta, da fararen rigunan masu aikin asibiti. Ƙarar kekenta ita ce agogon layin. Ranar da ba a ji ta ba, sai a aika a duba ko lafiya.

Mijinta, wanda har ya bar duniya ba ta taɓa kiran sa da komai ba sai Baban Yara, dogo ne siriri kamar falwaya. Da ya rasu, Allah ya jiƙan sa, ya bar mata gida, da wata tsohuwar mota mai doron baya da muke kira Kunkuru, da ƙofar gareji. Motar ba ta ba ta wahala ba. Ta je ta koyi tuƙi da tsufanta, ta ɗinka wa kanta matashi mai kauri na ɗorawa a kujera, ta shiga kai wa mutane labulensu da kanta. In Kunkuru ta wuce, ɗankwali kawai kake hangowa a bayan sitiyari, amma ba ta taɓa goga wa kowa fenti ba.

Ƙofar ce ta zame mata ƙarfen ƙafa. Falle ɗaya ce ta ƙarfe, faffaɗa, irin wadda ake ɗagawa daga ƙasa ta yi sama ta kwanta a ƙarƙashin silin. Marigayi da hannu ɗaya yake cilla ta, yana hira. Inna kuwa sai ta sunkuya, ta yi nishi, ta ɗaga, ta tura. Wannan duk mai sauƙi ne. In ƙofar ta hau ta kwanta, ta fi ƙarfin hannunta ko da ta yi ɗage. Sai ta samo dabara: tsohuwar lemar marigayi mai lanƙwasasshen mariƙi. Ta maƙala, ta yi ɗan tsalle, ta rataya nauyinta, ƙofa ta sauko. Haka take yi, mu kuma muna kawar da kai don kada ta ga mun gani.

Wata safiya aka kwana ana ruwa. Inna ta maƙala lema, ta yi tsalle, silifas ya ce bai san zancen ba. Sai ga ta zaune daɓas a cikin ruwa, lema kuma tana lilo a sama ita kaɗai. Ba ta karye ba, ƙugu ne ya yi tsami. Amma kafin ta canja zani, labari ya riga ya isa kunnen babban ɗanta.

Wannan ɗa nata Hattara muke ce masa tun yana ƙarami, don shi ne yaron da ke tsayawa a gindin bishiya yana gaya wa sauran cewa za su faɗo. Ya girma ya zama magidanci mai kirki, mai son uwarsa, amma har yau bai iya fara magana da wata kalma ba sai "kada". Ya iso da rana, gumi a goshi.

"Inna, wannan shi ne na ƙarshe. Na gyara miki ɗaki a gidana. Kunkuru ta huta, ke ma ki huta."

"A benen nan naka? Ina zan sa kekena?"

"Maƙwabtan ƙasa ba sa son ƙara, Inna. Kuma ɗinkin me ya rage miki? Kin ɗinka wa rabin garin nan."

"Saura rabi."

"Yau ƙugu ne. Gobe in kai ne fa? Ina can wurin aiki, ke kina nan kina lilo da lema."

Ta dube shi ta saman tabarau. Ta san ba iko yake nunawa ba, tsoro ne ya cika shi, kuma tsoron ɗa ya fi faɗansa wuyar turewa. In ta bi shi, ba keke, ba Kunkuru, ba tagar da ke kallon titi. Sai zama a gaban talabijin ana tambayar ta ko ta sha magani.

"To tsaya," in ji ta. "Da ni kake faɗa ko da ƙofa?"

"Da ƙofa."

"In ka dawo daga tafiyar nan da za ka yi, ka same ni ina buɗe ta ina rufe ta ba tsalle, ba lema, ba kiran kowa, ka bar maganar?"

Ya nemi inda tarkon yake. Bai gano ba. "Na bari. Amma in ban samu haka ba, za ki bi ni."

"Zan bi ka har da matashina."

Washegari ta tuƙa Kunkuru zuwa shagon masu kayan ƙofofi. Mai shagon ya nuna mata injin da aka kafa don gwaji: wani akwati a manne da silin, da doguwar sandar ƙarfe mai kwari a ciki, da bel na roba yana zagayawa, yana jan wani ɗan ƙarfe gaba da baya. Daga ɗan ƙarfen nan hannu ya sauko ya kama saman ƙofa. Ta sa ya danna rimot, ta sa ya sake, ta karkata kai tana kallo.

"Wannan ai zif ne aka yi wa girma," in ji ta. "Ga haƙora, ga kan zif. Naɗe mini ɗaya."

"Wa zai haɗa miki, Inna? Akwai yaranmu."

"Wa ya haɗa maka hannun rigar nan da ya karkace?"

Mai shago ya duba kafaɗarsa.

"Abin da ban san cikinsa ba, ba ya kwana a gidana," ta ce. "Kekena ni nake kwance shi in mayar. In yaranka suka kafa, ranar da ya tsaya sai in zauna jiran su, ɗana kuma ya zo da kwalayen kwasar kaya."

Amma fa ta san bambancin taurin kai da wauta. Abu biyu ta ba masu shi. Ta kira mai gyaran wuta ya sa mata soket a silin, don ta ce wuta ba ta san tsohuwa ba. Ta kira mai gyaran ƙofa ya canja sifirin ɗin gefe, naɗaɗɗun ƙarafan da ke ɗaukar nauyin ƙofar, da suka gaji, don in ɗayansu ya kuɓuce yana iya raba mutum da yatsunsa, ita kuwa da yatsu take ci. Da ya gama ta ɗaga ƙofar zuwa rabi ta sake ta. Ƙofa ta tsaya cak, ba ta hau ba, ba ta faɗo ba. Takardar da ta zo da injin ta ce sai an ga haka kafin a fara, don injin jagora ne, ba ɗan dako ba.

Daga nan sauran aikin nata ne. Ta zo ta ari injin huda a wurina. Na ce bari in zo in taya ta.

"Kai da ka kafa ƙusar agogo ya faɗo wa matarka a ka? Zauna a inda kake, ɗan nan. In na mutu ka ba da labari."

Ga shi kuwa ina bayarwa, ita kuma tana nan da ranta.

Ta fara da cire sakatun ƙofar, don inji ba ya ja da ƙofa a kulle. Sannan neman tsakiya. Wani zai tsaya lissafi. Ita ta miƙa tef daga wannan gefe zuwa wancan, ta ninka shi biyu yadda take nemo tsakiyar wuyan riga, ta ɗiga alli. Ta ja layin ya hau har bangon da ke saman ƙofa. Nan ta huda ta ɗaure ƙarfen da zai riƙe bakin sanda, ta ɗaure wani a saman ƙofar kanta. Teburin yankanta ta sa aka fito mata da shi tsakar gareji, ta shimfiɗa sandar a kai ta harhaɗa, notuna a cikin gwangwanin maɓallai don kada su gudu. Bel ɗin kuwa ba ta nemi shawarar takarda ba. Ta ɗaure, ta taɓa da yatsa, ta saurara, ta ɗan sassauta, kamar yadda take yi wa na keke.

Ɗaga injin zuwa silin shi ne inda muka ce yau za ta kira mu. Ba ta kira ba. Ta yayyage ragowar wani labule mai kauri, ta yi majanyu biyu, ta zarga su a kan katakon rufi, ta goya injin a ciki. Ta ja wannan kaɗan ta ɗaure, ta ja wancan kaɗan ta ɗaure, inji yana hawa a hankali kamar jariri a zani, har ya kai inda take so. Sannan ta hau tsani ta ɗaure shi da ƙarafansa, tana magana da shi ƙasa-ƙasa. Kwanakin nan ba a ji ƙarar keke a layin ba, sai ta huda da ta sifana in ta faɗi, da abin da Inna take ce wa sifanar.

Abu na ƙarshe ɗan ƙarami ne, wani ƙarfe kamar akwatin ashana da ake ɗaurewa a cikin kwarin sanda. Shi yake gaya wa kan zif ɗin nan cewa iyakarka ke nan, ƙofa ta rufu, tsaya. Takarda ta ce a rufe ƙofa da hannu, a ga inda kan zif ya tsaya, a ɗaure ƙarfen a nan. Inna ta rufe, ta hau, ta yi alama da alli, ta ɗaure, ta sauko tana karkaɗe hannu.

Da yamma rabin layin ya fito, kowa yana yi kamar iska ya zo sha. Inna ta tsaya a tsakiyar hanya da rimot, ta danna. Ƙofa ta yi ɗan gurnani, ta ɗaga, ta hau sumul ta kwanta. Mata suka yi shewa. Ta sake dannawa. Ƙofa ta sauko a natse, ta taɓa ƙasa, ta yi jim kamar mai tunani, sannan ta miƙe ta koma sama.

Ta sake. Ta sauko, ta taɓa, ta koma.

"Ƙofar nan tana da ladabi," in ji mai wankin kusurwa. "Durƙusawa take ta gaishe mu ta tashi."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta share bakin ƙofa ko tsakuwa ce. Ta ɗiga man keke a kowace gaɓa. Ta ƙara wa bel ƙarfi, ta rage. Ta karanta takardar da tabarau, ta karanta ba tabarau. Ƙofa dai ta ce ita ba ta zama a ƙasa. Ga sakatu an cire. Da can ƙofar wahala ce kawai, yanzu ta zama ƙofar da ba ta rufuwa, gida a buɗe ga kowa. Dole ta ja jar igiyar da ke raba ƙofa da inji, ta sauke ƙofar da hannu, ta ɗaure da ƙyalle daga ciki.

Ta kira mai shago a waya. Ya ce akwai wani maɓalli a jikin injin, ta murɗa shi zuwa ƙarshe, zai danna ƙofar da ƙarfi ko tana so ko ba ta so.

"Me ya sa yake komawa tun farko?" ta tambaye shi.

"In ya ji turjiya, ɗauka yake ya danne wani abu. Yaro, ko kyanwa. Sai ya janye."

"Wato tausayi gare shi, kai kuma kana so in cire masa. Jikokina a bakin ƙofar nan suke wasa. Na gode."

Ta kashe waya. Ta koma tsani. Kwana da kwanaki tana hawa tana sauka, ƙugun da bai gama warkewa ba yana tuna mata da kansa. Ɗinkin mutane ya taru a kan kujera. Na ce mata ko a kira yaran shagon a ɓoye, wa zai sani? Ta ce ita za ta sani.

A haka Hattara ya dawo. Ya zo da safe da kwalaye a bayan mota, a ninke, don kada a ce ya zo da gadara. Wandon da ke jikinsa ɗinkin Inna ne, ƙafarsa a naɗe. Ya same ta a kan tsani.

"Inna! Kada ki motsa!" Ya ruga ya riƙe tsanin da hannu biyu. "Wannan ai ya fi lemar muni."

"Riƙe da kyau ka yi mini shiru."

"Tana rufuwa?"

Inna ba ta iya ƙarya ba, ko a kan ranar gama ɗinki. Ta ciro rimot daga aljihu ta danna. Suna ciki su biyu, ni ina daga bakin ƙofa. Ƙofa ta sauko, ta gaida ƙasa, ta koma. Hattara ya sauke numfashi.

"Kin yi ƙoƙari, Inna. Wallahi ban zaci za ki kai nan ba. Amma alkawari alkawari ne."

"Rana ba ta faɗi ba tukuna."

Ya ɗaga kai zai ba ta amsa, sai idonsa ya sauka a kan sandar, daidai wurin ɗan ƙarfen nan. Akwai layin alli a inda kan zif yake tsayawa in ƙofa ta rufu. Akwai kuma wani layin a gaba da shi, faɗin yatsu huɗu. A kan na biyun aka ɗaure ƙarfen.

Mutumin da ya yi rarrafe a ƙarƙashin teburin yanka ba ya bukatar a fassara masa layi biyu. Ya gane nan take. Ƙofa tana kaiwa ƙasa, inji kuma yana ganin saura yatsu huɗu, sai ya ci gaba da turawa, ya ji turjiya, ya ɗauka ya danne ɗan wani, ya janye. Ita kuwa mai allin ta kalli layukan nan sau ba adadi ba ta ga komai ba, don a idonta haka layi yake, biyu-biyu.

Na ga bakinsa ya buɗe ya rufe. Ya dubi motarsa da kwalaye a ciki. In ya yi shiru zuwa yamma, ya ci. Zai kwana da uwarsa a ƙarƙashin rufinsa, ba tsani, ba lema, ba wayar tsakar rana da ke tsinka masa zuciya. Ya dubi ƙafafunta a kan matakala, da sifana a hannunta, da majanyun labule da har yanzu ke rataye a katako.

"Na san wannan shirun," in ji Inna daga sama. "Irin sa ka yi ranar da ka haɗiye maɓalli. Fito da shi."

Ya sunkuyar da kai yana kallon naɗin wandonsa.

"Inna," ya ce a hankali, "ƙofa ba ta girma."

Ta dube shi. Ta dubi sandar. Ta ɗora yatsunta huɗu tsakanin layukan, suka zauna cif kamar an auna, don kuwa an auna.

"Kai," in ji ta. "Hannun nan nawa ba ya shawara da ni."

Ta sa sifana ta kwance ƙarfen, ta jawo shi baya zuwa layin farko. Nan ta tsaya. Na rantse hannunta sai da ya yi gardama.

"Ko yatsa ɗaya? Don kada ya matse?"

"Ko rabi, Inna."

"To. Allah ya sa kada ta yi ƙiba."

Ta ɗaure a kan layi daidai, karo na farko a rayuwarta. Ta sauko, ta danna. Ƙofa ta sauko, ta taɓa ƙasa, ta zauna. Daga waje nake, ban ga fuskokinsu ba, amma na ji muryarta tana cewa, "Yauwa, 'yar albarka." Ta buɗe. Ta ɗauko guntun katako ta ajiye a bakin ƙofa, ta sake dannawa. Ƙofa ta taɓa katako ta janye da sauri. Tausayin yana nan, ba a cire ba.

"Amma ni na gano," in ji Hattara, yana ƙoƙarin ceto wani abu daga ranar. "Kin ce ba kiran kowa."

"Na kira ka? Kai ka zo da ƙafarka. Kwalayen nan ka bar mini su, labulen makaranta zan zuba."

Shi ya kwaso su da kansa, shi ya loda labulen a bayan Kunkuru, yana faɗin kada ta yi gudu, kada ta manta rimot a gida, kada ta sake hawa tsani in ba ya nan. Ta ce to, to, to. Ta gyara matashi, ta hau, ta yi baya a hankali har titi. Shi kuma ya koma ciki zai ninke tsani.

Daga bayan sitiyari na ga ɗankwali ya ɗan karkata. Hannu ya fito ta taga da rimot. Ƙofa ta sauko sumul, ta taɓa ƙasa, ta zauna daram.

"Inna!" in ji wata murya daga ciki. "Inna, ina ciki fa!"

"Akwai maɓalli a bango, ɗan nan, daidai tsayina," ta ce. "Sunkuya ka nema."

Kunkuru ta ja ta bi layi da labulen mutane. Kafin la'asar mun ji keke ya tashi.